Tsanin da Yaya ta ba da aro

Wasan waya na farko da na haɗa, a lungunan unguwar Sheshe labarinsa yake: akuya ta ɓace, ka bi sawunta har ka sauko da ita daga saman soro. Sai na ɗana wani tarko da nake ji da shi. Maƙwabciya za ta zo aron tsani, in ka ba ta ba ka ƙara hawa soron, kuma wasan ba zai gaya maka ba.

Yayata ce ta fara gwadawa. Ko tunani ba ta yi ba ta miƙa tsanin. Kwana huɗu tana zagaye tsakanin Sheshe da Jakara a cikin waya, ni kuma ina safa da marwa a tsakar gida.

Da na faɗa mata, ta ajiye wayar a kan tabarma. "Wato ka san babu mafita ka bar ni ina bulayi? Laifina kawai na ba maƙwabciya aro?"

Na ce to zan sa wasan ya ƙare nan take, mutum ya sake daga farko.

"Kai dai ba ka da kirki. Ka sa ta dawo da tsanin mana!"

Haka na gyara, raina a ɓace. Yanzu maƙwabciyar kan dawo da shi, har da kwanon ɗanwake na godiya. Tsaninmu na gaske kuwa, wanda Yaya ta ba da aro tun ina sakandare, har yau ta katanga muke hango shi.