Zoben Tagulla a Rumfar Nicanor

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi ana yayyafi, Allah ya yi wa Nicanor Obando rasuwa a gidansa na bakin kogi, nan Barra Parda, bayan jinyar da ta cinye masa damina guda. Ya bar matarsa Doña Herminia, da 'ya'ya huɗu, da jikoki, da jirgin fatsa ɗaya wanda fentinsa ya koɗe. Ni Evelio Rugama, da na riƙe masa inji tun muna samari, aka ce in rubuta wani abu a kansa, wai ba wanda ya san shi kamar ni. Har zuwa ranar Talatar nan ni ma haka na ɗauka.

Compadre, da wannan sunan zan kira ka, don tun ranar da ka riƙe 'yata Zoraida aka yi mata baftisma, ka zama ubanta na coci, ban sake kiranka da wani ba. Zan fara da alherinka, domin yana da yawa, kuma ba zan rage maka ko ƙwaya ɗaya ba.

Lokacin da aka buɗe masaukin baƙi a garin nan, Amurkawa suka fara sauka da ƙaramin jirgin sama ɗauke da sandunan fatsa, bakin kogin nan ba haka yake ba. In rana ta fito, sai ka ga sábalo, manyan kifayen nan masu jiki kamar azurfa, suna juyi a saman ruwa kamar murafan tukwane da aka wanke aka shanya. Ba sai an neme su ba. Mu fita da gahawa a gora, da shinkafa da wake da Herminia ta dafa da ruwan kwakwa, kafin mu buɗe abincin sandar baƙo ta lanƙwashe, kifi ya tashi sama ya fi mutum tsawo yana girgiza kai, baƙo yana ihu yana kiran uwarsa. Kai kuwa kana tsaye a goshin jirgi, ko murmushi babu, sai dai ka waiwayo ka ce mini, "Mai hayaƙi, ja baya kaɗan, kafin injin nan naka ya shaƙe mana baƙo."

Kai ka ciro ni da gashi ranar da igiyar ruwa ta kife mu a mashigar teku, lokacin ina da gashin. Kai ka riƙa zuwa ƙofata kowace safiya bayan rasuwar matata Lucila, ka ajiye gahawa, ka zauna kusa da ni, har ranar da na tashi da kaina na ɗauki galan ɗin mai. Ba zan manta da waɗannan ba, kuma ba na so 'ya'yanka su manta.

Kai kuma ka koya wa garin nan sakin kifi. Iyayenmu ba su san a kama kifi a mayar da shi ba. In ka faɗa musu haka sai su taɓa goshinka su ji ko zazzaɓi ne. Baƙin ma a lokacin so suke a rataye musu kifi a ƙarfe su tsaya gefe a ɗauki hoto, gobe a binne shi a gindin kwakwa, don ƙayarsa ta yi yawa ba mai ci. Kai ka ƙi. Na tuna wani ƙaton likitan haƙori da ya nace sai an rataye masa nasa, ka dube shi sama da ƙasa ka ce in dai nauyi ake so a gwada, shi ya kamata a rataya.

Sakin kuwa ba jefawa cikin ruwa ba ne kawai. Sábalo in ta gama kokawa takan kwanta gefe, ƙarfinta ya ƙare, in aka bar ta haka nutsewa za ta yi ta mutu. Sai ɗaya ya durƙusa ya riƙe muƙamuƙinta a cikin ruwa, ɗaya ya ja jirgi sannu a hankali, ruwa ya riƙa shiga bakinta yana fita ta gefen kanta, har ta farfaɗo ta fizge. Kai ne mai riƙo, ni ne mai inji. Duk baƙon da ya hau jirginmu sai ya ji wannan daga bakinka: "Mutum ɗaya yana iya kamawa, amma saki sai mutum biyu." Na ji ka faɗi haka har na gaji da ji.

Sai Mai Zobe, wata ƙatuwar sábalo. A shekarar 1982 muka fara haɗuwa da ita, ranar da ba mu da baƙo, mu biyu kawai. Ba mu taɓa ganin irin girmanta ba, ga saman wutsiyarta a gutsure, da alama kada ne ya taɓa gwada sa'arsa. Tun safe har rana ta take muna fama da ita. Da ta kwanta a gefen jirgi, na yanko wayar tagulla daga tsohon inji, ka riƙe ta na huda gefen muƙamuƙinta na murɗa mata zobe. Ni bahago ne, murɗina hagu yake tafiya, kai ma ka yi mini ba'a a kan haka. Nan muka yi alkawari: ba za a rataye ta don hoton kowa ba, kuma ba wanda zai jefa mata ƙugiya a cikinmu in ɗaya ba ya nan. Bayan haka ta yi ta dawowa. Wata shekara mu kawo ta har gefen jirgi, wata shekara ta yi tsalle ɗaya ta tofar da ƙugiya, mu ga ƙyallin zoben kawai, ya ishe mu hira har damina ta zagayo. Yaran garin nan sun fi sanin sunanta da na magajin gari.

A watan Satumba na 1996 na kai Lucila birnin Limón ganin likita. Da muka dawo ranar Litinin da safe na tarar da mutane sun yi cincirindo a tashar jiragen ruwa. Ƙanena Fulgencio, wanda sana'arsa kafa raga a bakin kogi yana kama kifin sayarwa, yana tsaye a cikin kwale-kwalensa, ga wata ƙatuwar sábalo kwance a ƙafafunsa. An yanke muƙamuƙinta na ƙasa da wuƙa. Amma wutsiyar tana nan, da gutsurenta.

Fulgencio ya ce, "Yaya, wallahi a mace na same ta. Ruwa ne ya turo ta cikin ragar. Duba mana, har ta fara kumbura!"

Kai na juya na kalla, domin a kan abin da ya shafi ruwa maganarka ce ƙarshe a wurina. Ka cire hularka, ka daɗe kana kallon kifin, sannan ka ce, "Compadre, ruwa ba ya riƙe wuƙa. Wanda ya yanke bakin nan, zoben yake ɓoyewa."

Iyakar abin da ka faɗa ke nan. Kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki, wannan ne ke ƙona mini rai yanzu.

Tun daga wannan safiya ban sake yi wa ƙanena magana ba. 'Yarsa ta yi aure ban je ba. Da muka binne mahaifiyarmu, yana wancan gefen kabari ina wannan, kai kana tsakiya ka dafa mu duka biyu. Kai ne ɗan aikenmu. Duk Kirsimeti kai ke kawo mini tamal, irin alalar masarar nan da matarsa ta naɗe a ganyen ayaba, kana cewa, "Ka yi haƙuri da shi, compadre, bakin yara ne ya yi masa yawa." In na ƙi karɓa sai ka girgiza kai, ka zauna ka cinye a gabana. Har Fada, limamin cocinmu, ya taɓa ambaton sunanka a huɗuba, ya ce a yi koyi da Nicanor wajen neman sulhu tsakanin 'yan'uwa. Ina zaune kusa da kai ranar, na ga ka sunkuyar da kai, na ɗauka kunya ce irin ta mutanen kirki.

Ranar Laraba da safe, kafin a rufe akwatinka, Herminia ta kira ni gefe ta ce in je rumfar bayan gida in ɗauko tsohuwar sandarka da ke saman azara, a sa maka a ciki. Da na ja sandar sai wani gwangwanin madara ya biyo ta, naɗe da tsumman filafilan jirgi. Ƙashin muƙamuƙin kifi ne a ciki, ya bushe ya yi launin ƙasa, ga zoben a jikinsa. Tagullar ta yi kore, amma murɗin bai canja ba, hagu yake tafiya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Da na fito, Herminia tana bakin ƙofar rumfar tana goge hannu da zanenta.

Ta ce, "Da gangan na aike ka, compadre. Ni ma sai a daminar nan na sani."

Abin da ta gaya mini ke nan. Wani baƙo da ya yi tatul ya ce maka a gaban mutane, wai kifin Nicanor injin Evelio ne ke kama shi. Maganar mashayi, amma ta zauna maka. Ranar Asabar ɗin da nake Limón ka fita kai kaɗai, kuma cikin duk kifin da ke teku ita ce ta ɗauka. Ka gane ta tun tsallen farko, wuƙa tana ƙugunka, ba ka yanke zaren ba. Ka yi ta fama da ita har ta kwanta. Sannan ka riƙe bakinta da hannu ɗaya, kana miƙa ɗayan wajen inji, bai kai ba. A hannunka ta mutu. Ka yanke muƙamuƙin da zobensa, ka bar gawar ruwa ya tafi da ita.

Na tambaye ta me ya hana ka faɗa mini, ko da a kan gadon nan. Ta ce ba sau ɗaya ba ka sa an kira ni don haka. In na shigo na zauna, sai ka tambaye ni yaya ruwa yake yau. Ni kuwa in zauna ina ba ka labarin ruwa kamar wawa.

Kifi ne, compadre, na sani. Da ka zo mini ranar ka ce girman kai ya ja ka, da na zage ka, da na yi wata guda ba na hawa jirginka, da yanzu muna ba jikoki labarin muna dariya. Ba kifin nake kuka ba. Ka ga ƙanena a tsaye yana rantsuwa a gaban gari, ka san gaskiya yake faɗa, ka auna shi da sunanka ka zaɓi sunanka. Kuma ba sau ɗaya ka zaɓa ba. Kowace safiya muka hau jirgi ka sake zaɓa, kusan shekara talatin, kana shan gahawata. Ka ci amanata, ba ni da wata kalma da ta fi wannan sauƙi, kuma ba zan nemo maka ba.

Fulgencio ya zo jana'izarka. Ya hayo kogi da farar rigarsa, ya sa kafaɗa a akwatinka, don shi har ranar yana ganin kai kaɗai ne ba ka juya masa baya ba. Bayan an rufe ka mutane sun watse, na je na tsaya kusa da shi na faɗi abin da ya kamata in faɗa. Na yi magana mai tsawo. Da na gama sai ya juyo ya sa hannu a bayan kunne ya ce, "Na'am?" Ashe ƙarar inji ta daɗe da cinye masa ji. Kowa a garin nan ya sani, ban da ni, kuma kai da kake kawo mini labarinsa ba ka taɓa faɗa mini ba.

Sai na ciro ƙashin daga aljihu na sa masa a tafin hannu, na nuna kabarinka. Ya juya shi, ya taɓa zoben da ɗan yatsa, ya kalli ƙasar da aka tara a kanka. Sannan ya mayar mini, ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Ashe haka zoben yake. Ni ban taɓa ganinsa ba." Ya kuma ƙara da cewa, "Lokacin da nake da kunne ba ka zo ba, Yaya."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Doña Herminia, wadda ta yi abin da ya gagari mijinta, da 'ya'yanku da jikokinku. Allah ya ba su haƙuri, ya bar musu alherin ubansu, don alherin gaskiya ne, ba a kansu wannan nauyi yake ba. Ina kuma yi wa Fulgencio ta'aziyya, shi da ya yi rashin yaya tun yayan yana raye.

Kai kuwa, compadre, Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya sa wahalar da ka sha a daminar nan ta wanke maka abin da ta iya wankewa. Wannan addu'a da zuciya ɗaya nake yin ta. Amma in ce na yafe maka, ba zan rubuta abin da ba haka yake ba. Ba a hannuna ni kaɗai yake ba. Gobe zan haye kogi in zauna a gaban ƙanena, inda zai ga bakina. In ya yarda ya kama mini, za mu gwada sakinka. Kai ka ce sai mutum biyu.