Fiffiken da Ba Ya Yoyo

Ina shekara ta huɗu a karatun digiri na biyu, wanda a takarda na shekara biyu ne, aka liƙa sanarwa a allon sashenmu a Samaru: duk wanda bai kare aikinsa a zangon nan ba, ya naɗe tabarmarsa. Sunana ne na uku a jerin. A gida kuwa, can kudancin Kaduna, mahaifiyata ta riga ta sa matan zumuntar cocinmu suna kirana Injiniya.

Dakta, malamin da ke duba aikina, shi ya zaɓa mini abin da zan yi. A Turai ya yi karatu, kuma Allah ya saka masa, bai taɓa bari mun manta ba. Ya ce in zuba fiffiken injin jirgin sama. Irin wannan fiffike cikin wuta yake juyawa, don haka ake yinsa da rami a ciki da ƙananan kafofi a jiki, iska ta shiga ta gindi ta fita ta kafofin, kada ya narke. Aikina shi ne in nuna ana iya samun kafofin tun wajen zubi, ba sai an huda daga baya ba.

A littafi abin ba wuya. Ki ƙera cikin da yumɓu, ki lulluɓe shi da kakin zuma a siffar fiffike, ki yi ta tsoma shi a kwaɓin yumɓu da yashi har ya yi ɓawo. In an gasa, kakin ya narke ya zube, sai a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Yumɓu na samo a Bomo, kaki wajen masu zuma. Saura wuta. Tanderun narka ƙarfe na sashenmu yana nan lafiya ƙalau, an rufe shi da leda, ana share masa ƙura duk ranar da baƙi za su zo. Tun zuwana ban taɓa ganin ya ɗumama ko ruwan shayi ba.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Na kwashi kayana a kwali na hau motar Sabon Gari, wajen wani dattijo mai zuba tukwanen alminiyam a bayan kasuwa. Tsofaffin kan inji da gwangwanaye yake narkarwa, da gawayi da zugazugin ƙafar keke. Na tsaya a kansa na zuba masa bayani, rabi Turanci, irin yadda Dakta ke zuba mana. Ya saurara har na gaji.

"To, 'yata, ƙarfe dai kike so a zuba a nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ai da kin faɗa tun ɗazu."

Sau biyar muna zubawa. Ɓawo ya fashe, yumɓun ciki ya goce, wani karon ƙarfen ya daskare a rabin hanya. Baba ne ya ce in riƙa haɗa kashin jaki a kwaɓin, kuma a zuba tun ɓawon na da zafi. Na rubuta haka a babi na uku da manyan kalmomi, ban ambaci jaki ba. A karo na shida fiffike ya fito. Kwana uku na yi ina sakace yumɓun ciki da siririyar waya, ranar na huɗu na ɗaga shi sama, na ga haske ta kafofi goma sha biyu reras. Kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa.

Ana gobe za a saurare ni na mayar wa Baba shi, ya yanke wuyan da aka ɗura ƙarfe ya goge kaushin. Na bar shi a can na koma Samaru farautar sa hannu, don takarda ɗaya sai mutum huɗu sun sa mata hannu, kuma ba a taɓa samun biyu a gari rana ɗaya ba. Da la'asar na dawo. Baba ya miƙo mini shi a naɗe cikin tsumma, fuskarsa cike da fara'a. Yana sheƙi, sumul. Na juya shi, na sake juyawa. Babu kafa ko ɗaya.

"Baba, ina kafofin?"

"Kin ga Allah ya rufa miki asiri. Na cika shi da ruwa, kamar yadda nake wa kowace tukunya kafin ta bar nan, sai ga shi yana tsiyaya ta wuri goma sha biyu. Na ce yarinyar nan za ta kai wa manya abu mai yoyo? Ɗaya bayan ɗaya na liƙe su, ko ke ba za ki gane wurin ba."

Gaskiyarsa, ban gane ba. Na buɗe baki in yi masa tas, sai na tuna a duk zuwan da na yi ban taɓa gaya masa da Hausa abin da kafofin suke yi ba. Ranar da muka zuba, yumɓu ne cike da su, bai gan su ba. Mutumin da ya tsufa ba a taɓa dawo masa da tukunya ba, me zai yi da huji in ba liƙewa ba? Na ce, "Na gode, Baba." Ya ce in gaishe da malaman.

A mota na yanke shawara zan faɗi gaskiya, in za a kore ni a kore ni. Washegari na tsaya gaban malamai shida da babban baƙo, Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a. An ajiye lemo da soyayyar kaza a gefen tebur, idon kowa na can. Na nuna zane, na yi bayanin iska da zafi. Sai Dakta ya ɗauki fiffiken ya ɗaga.

"Kun ga, ta waɗannan kafofi iska ke fita," in ji shi, yana shafa wurin da babu komai. "Abin da muka gani a Turai ke nan."

Ya miƙa wa Farfesa. Farfesa ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya gyaɗa kai, ya ce madalla, ya miƙa gaba. Haka ya zaga hannu bakwai. Wani ya ce na manta aya a shafi na tara. Wata ta ce tazarar layukana ta yi yawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da ya kamata in faɗa game da kafofin."

Farfesa ya dubi agogo. "Mun gani, mun gamsu. A shigo da na gaba."

Na fito da sakamako mai kyau, abokai suna rungume ni, ni kuwa sai takaici. Shekara huɗu na yi a kan kafofin nan. A duk faɗin Zariya mutum ɗaya ne ya dubi aikina da kyau har ya gan su, ya ƙirga su, shi ne kuma ya toshe su.