Abin da Likita Ya Ce a Yamai

A Gidan Sori, in mata suna son misalin mai dace da miji, Saliha suke kawowa. Ita kuwa in ta ji sai ta yi murmushin yaƙe ta ci gaba da tankaɗe.

Ƙosai take soyawa a ƙofar gida tun tana amarya, har shekarar da sankara ta kama mata nonon hagu. Da aka tura ta Yamai damina ta kankama, mijinta Mudi ba shi da halin barin gona, sai wansa Abdurrahaman ya raka ta, da yake shi ya yi lakol, yana jin Faransanci. Aka yanke nonon, ta sha ƙarin ruwa har gashinta ya zube, Allah ya sa tana da sauran kwana.

Ranar sallama likitan, wanda ba ya jin Hausa, ya yi dogon bayani da Faransanci yana nuna ta, yana tambayar ina maigidan. Abdurrahaman ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Wan miji ne fa, ko ido ba sa haɗawa, ina zai iya furta mata zancen shimfiɗa? Duk dogon bayanin nan sai ya dunƙule mata shi: "Ya ce ki riƙa shan magani."

Mudi ya karɓe ta hannu biyu. Shi ne ɗebo ruwa a amalanke, shi ne sayo tsire duk ranar kasuwar Gidan Rumji. Amma ya kwashe tabarmarsa ya koma shago, wai don mutanen gari sun ce kusantar mai sankara tayar da cutar yake. Damina biyu suka wuce a haka. Gashi ya fito, ƙosai ya dawo, miji bai dawo ba. Ta yi lalle, bai gani ba. Ta turara ɗaki, ya shigo da sauri ya fitar da kaskon, wai hayaƙi zai cuce ta. Ranar ta yi kuka, kukan da ba ta yi ba a gadon asibiti.

Sai da ta je a duba ta a Maraɗi wata malamar asibiti Bahausa ta tambaye ta kai tsaye yaya suke da maigida. Da ta ji amsa ta riƙe baki. Ta ce babu abin da ya hana, cutar ba ta tashi da wannan, kuma ba a ɗaukarta, ai tun ranar sallama ake faɗa wa kowa.

Saliha ta dawo da maganar a bakinta kamar garwashi. Da la'asar ta same shi yana gyaran igiyar shanu, ta ajiye kunyar shekara ashirin ta faɗa masa duka.

Mudi bai yi mamaki ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Idonsa ya sauka a gefen hagu na mayafinta, ya yi maza ya mai da shi kan igiya.

"Yaya ya hwaɗa mani tun da kunka dawo," in ji shi a hankali. "Maman Fadila, wannan na yahe maki shi. Ke dai ki rayu."

Ita ba yafiya ta zo nema ba. Ta koma ciki ta jiƙa waken gobe, tana jin maƙwabciya ta kan danga tana yi wa ɗiyarta addu'ar samun miji irin Mudi.