Takun Kawu

Jiya na tarar da jan fentin hukuma a bangon gidana a Kiru, wai filin bai kai girman da doka ta ce ba. Sai na tuna marigayi kawuna, wanda ya yankar mini wurin daga gonarsa da na tashi aure. Da ƙafa ya auna, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana manne masa a dugadugai, yana dasa bini-da-zugu a kowace kusurwa. Ya ce, "Ɗaki biyu da makewayi, ai ka zama magidanci."

Yau mutanen da ba su taɓa zaman haya ba ne za su raina takunsa? Marasa kunya kawai!

Allah ya yalwata maka kabari, Kawu. Can babu mai zuwa da igiyar awo.