Gambar Kan Iyaka

Jiya na je gona bayan ruwan shuka, na yi tuntuɓe da tushen gamba a kan iyaka. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya dawo mini da Baffa, yayan mahaifina. Shi ya dasa ta.

Kowace damina haka yake bin gonakin ƙauyenmu na ƙasar Zango, yana cike gurbin gambar da ta mutu tsakanin maƙwabta, ba wanda ya sa shi.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wani ya sari maƙwabcinsa da fartanya a kan rigimar kunya biyu a iyakar gonakinsu, mutumin ya rasu. Na tarar da Baffa durƙushe a kan iyakar, hannunsa duk laka. Raina a ɓace na ce, "Baffa, a kashe mai kisan nan kowa ya gani, wallahi an daina!"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ba na ja da hukuncin Allah, ɗana. Amma sa'ad da ya ɗaga fartanyar nan, kana jin ya tuna da alƙali? Da gambar nan na raye, da yanzu suna cin tuwo tare. Miƙo min tushen can."

Na miƙa ina gunaguni. Har yau ban gama yarda da shi ba, amma bana ni ne da laka a hannu.

Allah ya jiƙan Baffa. Yadda ya tsare wa mutane iyakarsu, Allah ya yalwata masa kabarinsa.