Ranar da Gurup Ya Ƙi Tashi

Mun baro birnin Pari ne saboda aikin da maigidana ya samu a wani sito a Vénissieux, a gefen birnin Liyon. Aiki ya samu, gida bai samu ba. Muka tare a wata tsohuwar karaban bayan garejin wani ɗan Cadi, ni da shi da jaririyarmu. Karaban kuwa akwatin kwano ce mai taya. In sanyin Liyon ya sauko, ɗuminmu duka yana hannun gurup, ɗan injin wutar da ke kunna mana murhun lantarki.

Wata madam ta hukuma mai duba yara ta taɓa zuwa, ta ce za ta dawo. Ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye, in ta tarar da ɗakin da sanyi, yarinya ba za ta sake kwana cikinsa ba.

Ana gobe za ta zo, wani Alhaji ɗan Maradi, wanda ya sauke mu a gidansa lokacin da muka iso Pari, shi ma yanzu yana nan Liyon, ya aiko a ba shi aron gurup, wai zai yi walimar suna a wani fili. Na ce a ba shi haƙuri. Maigida ya ce da wane ido zai kalli mutumin da muka ci tuwon gidansa? Na ce to, kunya dai ba ta ɗumama jariri. Ya ɗauka ya kai, ni kuwa kamar in fashe.

Da safe aka maido shi, ya sha ruwan sama. Maigida ya yi ta fizgar igiya, injin ya yi tari ya yi shiru. Ya kwance buji, wato fulogin injin, ya goge da rigarsa, ya sake ja, har igiyar ta tsinke a hannunsa. Ni ina ciki na ɗora tukunyar ruwa kan gas ko tururi zai taimaka, na goye yarinya na rufa bargo, ina Innalillahi. Wallahi tsoro ya hana ni ko kuka.

Madam ta shigo ta ga tagogi suna ɗigar ruwa. Ba ta tambayi komai ba, ta zura hannu ƙarƙashin bargon ta kama ƙafar yarinya. Na roƙe ta da ɗan Faransancina, na ce ta ba mu zuwa gobe, gobe kawai. Ta ce ba za ta raba ni da 'yata ba, akwai gidan da ake saukar da mata masu goyo, amma ba a karɓar maza.

Maigida ya shigo hannunsa baƙi ƙirin da mai, ya so ɗaukar 'yarsa, ya dubi tafinsa ya fasa.

"Ku je," in ji shi. "Ku dai ku yi ɗumi."