Naman Suna a Turmin Kaka

Ana idar da sallar asuba muka bar Kaduna, ni da ƙanwata, za mu sunan ɗan yayarmu a Koki. Murna kamar in yi fiffike, don rabona da cikin birnin Kano tun ina sakandare. Matsalata ɗaya, bakina. Satin da ya wuce aka yi mini dashen haƙori. Ga wanda bai sani ba, wata 'yar ƙusa ce likita yake kafawa a ƙashin dasashi ya ɗinke, sai ta kama sannan a ɗora haƙorin. Nawa na gaba ne, babur ya kayar da ni ya fita, na daɗe ina dariya da hannu a baki. Likita ya faɗa mini ƙiri-ƙiri: ba tauna, ba abu mai zafi, ba yaji. Ya ce in ƙusar nan ta motsa, aiki ya lalace, na koma gidan giɓi.

Hanya kuwa jarrabawa ce. Direba ya ƙara kuɗin mota wai mai ya yi tsada, kuma duk ramin da ya gani sai ya gaisa da shi, ni kuma in dafe kunci. A Kwanar Ɗangora aka cuso mana rake ta taga, arha kamar kyauta. Ƙanwata ta saya tana ɓarza a kunnena. Na ce mata Allah ya isa. Ni ayaba na samu, ina murje ta da harshe kamar jaririya.

Daga Unguwa Uku muka hau adaidaita, muka shiga ta Ƙofar Mata. Kowane bango hoton ɗan takara, kowa ya washe haƙora kamar da ni yake. Tun daga bakin lungu ƙamshin suyar rago ya tare mu, muna tsallake kwata ina haɗiyar yawu.

Gida ya cika dam. Na ɗauki jariri, na yi guɗa da rabin baki. Sai ga Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda girkin suna yake hannunta. A gidan nan baƙon da ya ƙi abinci ya yi zagi, kowa ya sani. Ta dire mini waina da miya tana tururi, soyayyen nama, ga alkaki a gefe. Na ce ba zan iya ci ba, na yi bayani.

"Ƙusa a baki? Ke ƙofa ce?" in ji ta. Mata suka kwashe da dariya. "Ki dai ce 'yan Kaduna an waye, abincinmu bai yi miki ba."

"Gwaggo, wallahi likita ne ya hana."

"Likita ne ya goya ki ko ni?"

Ta zaɓo tsoka ta miƙo mini, fuska ba wasa. Gwaggo idan ta yi fushi sai a shekara ba ta amsa gaisuwa. Na karɓa. Ga haƙorina, ga Gwaggo, ga naman nan yana sheƙi. Har na kai shi baki sai muka ji muryar Kaka daga ɗaki: "Ku turo mini ja'irar nan da kwanonta."

Kaka ba ta da haƙori ko ɗaya. Ta janyo wani ɗan turmi daga ƙarƙashin gado, bai fi kofi ba, kusa da magogin goronta. Ta zuba naman ta daka har ya koma kamar auduga, ta sa aka kawo romo marar yaji, ta fifita shi ya huce, ta murje waina a ciki.

"Giɓi ɗaya kike ta yi wa mutane kuka," ta ce. "Nawa gaba ɗaya suka yi ƙaura, kin taɓa jin naman suna ya wuce ni?"

Muka ci a kwano ɗaya, ni da ƙaramin cokali ta gefen baki. Jama'a, daɗi! Rabona da ɗanɗanon nama tun kafin aiki. Gwaggo ta leƙo, ta ga kwano fes, ta ce, "Ashe dai bakin yana aiki," ta ƙaro tsoka har biyu.

Washegari da za mu tafi, Kaka ta cusa mini turmin a jaka. Na ce to ke fa? Ta ce, "Kunu zan yi ta sha har ki dawo da shi da ƙafarki. In kin ga dama ki daɗe."

Mun iso Kaduna lafiya, likita ya duba ya ce ƙusa tana nan daram. Abin da na koyo: ba sai ka ɓata wa mai ba ka abinci rai ba, ka nemi wanda ya riga ka shiga matsalar. Yanzu kullum ina daka namana ina tuna wata tsohuwa a Koki tana shan kunu saboda ni. Ni da ba na zuwa zumunci sai an ja ni, ga shi ina ta tambayar likita yaushe zai sallame ni.